Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin kula da ruwa da kamun kifi kan abin da ke taƙaita ƙananan tsirran ruwa

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, na rubuto muku ne a bainar jama'a, ku da aka ɗora wa amanar tafkuna da koguna da madatsun ruwa da gaɓar teku, a kan wata halitta da ba kasafai take samun shiga rahotanninku na shekara ba, alhali kuwa duk kifin da kuke ƙirgawa a cikin rahotannin a kanta ya dogara. Ina nufin ƙananan tsirran nan masu shawagi a cikin ruwa, waɗanda masana ke kira fitofilankton, waɗanda yawancinsu ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girman abu. Idan aka haɗa nauyinsu gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tsirran duniya ba, amma kusan rabin abincin da tsirrai ke haɗawa daga hasken rana a kowace shekara su ne ke haɗa shi, domin suna hayayyafa su kuma ƙare cikin 'yan kwanaki, wasu su maye gurbinsu.

Ƙananan dabbobin ruwa ne ke cin waɗannan tsirrai, 'ya'yan kifi da ƙananan kifaye su ci dabbobin, manyan kifaye kuma su ci ƙanana. Tun bayan aikin Raymond Lindeman na 1942 masana ke auna abin da ke wucewa daga wannan mataki zuwa wancan, kuma ƙiyasin da aka saba aiki da shi shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma, sauran yana ƙarewa wajen numfashi da motsi da abin da ya mutu ya nutse. Kifin da ke matakai uku sama da tsirran ke nan yana buƙatar kimanin kilo 1,000 nasu kafin ya tara kilo ɗaya a jikinsa. Don haka hukumar da ke son sanin iyakar kifin da wani ruwa zai iya ɗauka, wajibi ne ta fara sanin abin da ke hana tsirran yawaita a wannan ruwan takamaimai. Roƙona ke nan gare ku, kuma dalilin da ya sa na dage a kansa shi ne amsar tana sauyawa daga ruwa zuwa ruwa, har ma daga wata zuwa wata a cikin ruwa ɗaya.

Ƙa'idar farko daga gona ta fito. Carl Sprengel ya bayyana ta a 1828, Justus von Liebig kuma ya yaɗa ta bayansa: girman shuka yana bin sinadarin da ya fi ƙaranci a cikin waɗanda take buƙata, komai yawan sauran. Maginin da ke da tulin bulo da yashi amma siminti buhu ɗaya, iyakar gininsa iyakar simintin, ko da an ƙara masa bulo mota goma. Alfred Redfield, wanda ya fara wannan bincike a 1934, shi ya buɗe hanyar gano cewa jikin tsirran teku a matsakaici yana ɗauke da ƙwayar kabon 106 da ta naitirojin 16 a kan kowace ƙwayar fosforas ɗaya. Wannan ma'auni yana ba mai bincike alama: idan naitirojin da ke cikin ruwa ya zarce sau 16 na fosforas da tazara mai yawa, to da alama fosforas ne zai fara ƙarewa, idan kuma ya gaza haka sosai, naitirojin ne. Alama ce kawai, tana buƙatar a tabbatar da ita da gwaji.

Gwajin da ya fi kowane nuna wannan a fili an yi shi ne a 1973 a wani ƙaramin tafki da ke yankin Ontariyo na ƙasar Kanada, wanda ba shi da suna sai lamba 226. A lokacin ana ta gardama kan abin da ke sa tafkuna su koma kore shar su yi wari, masu sarrafa sabulun wanki kuma suna cewa kabon ne, domin kada a taɓa fosforas ɗin da ke cikin hajarsu. Tafkin yana da ƙugu siriri a tsakiya, sai David Schindler da abokan aikinsa suka rataya labulen roba a ƙugun suka raba ruwan gida biyu. Ɓangare ɗaya suka zuba masa kabon da naitirojin, ɗayan kuma suka zuba masa waɗannan biyun tare da fosforas. Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya nuna rabin tafki kore kauri, rabi kuma baƙin ruwa garau kamar yadda yake a da, labulen kawai ya raba su. Hoton ya ƙarfafa dokokin rage fosforas a sabulun wanki da ruwan ƙazanta a ƙasashe da dama, kuma a ganina darasinsa ga hukuma shi ne gardamar da aka shekara ana yi a ɗakin taro, gwaji ɗaya mai tsari ya kashe ta a kaka ɗaya.

Inda aka yi aiki da wannan ilimi an ga amfaninsa. Tafkin Washintan da ke gefen birnin Siyatil na Amurka ya fara farfaɗowa bayan an karkatar da ruwan ƙazantar gari daga cikinsa tsakanin 1963 da 1968, bisa gargaɗin masani W. T. Edmondson. Inda aka yi sakaci kuma jama'a sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2007 koren datti, wato tarin waɗannan tsirrai da suka yi yawa, ya mamaye Tafkin Taihu na ƙasar Sin, mutanen birnin Wushi kusan miliyan 2 suka yi kwanaki ba ruwan famfo mai shawuwa. A watan Agustan 2014 an hana mutum fiye da 400,000 na birnin Toledo da kewayensa a Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku, saboda gubar da irin waɗannan tsirrai suka saki a Tafkin Iri. A bakin teku kuwa naitirojin ne ya fi yawan zama sinadarin da ke ƙarewa da farko, shi ya sa takin zamanin da Kogin Misisipi ke kwashewa daga gonaki yake haifar da tsirrai masu tarin yawa a Mashigin Tekun Meziko, su mutu su nutse, ruɓewarsu ta cinye iskar oksijin ta ƙasan ruwa. A 2017 faɗin wannan yanki da kifi ke gudu daga cikinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Sai dai ina roƙonku kada waɗannan misalai su sa ku ɗauka cewa ƙarancin tsirran alheri ne a ko'ina. Kafin a kammala babbar madatsar Aswan, ambaliyar Kogin Nilu takan kai laka mai sinadarai cikin Bahar Rum duk shekara, tsirrai su yawaita a bakin kogin, kifin sadin ya biyo su. Da aka tare ambaliyar a tsakiyar shekarun 1960, sadin ɗin da masuntan Masar ke kamawa ya faɗo daga kusan tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 kafin ƙarshen shekarun. Tafkin Konstans da ke tsakanin Jamus da Suwizalan da Ostiriya ya nuna wata fuskar lamarin. An kashe maƙudan kuɗi wajen tace ruwan ƙazanta har fosforas ya sauko daga sama da maikirogiram 80 a kowace lita a ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙasa da 10, ruwa ya yi tsabta, amma farin kifin da masunta suka dogara da shi ya ragu ƙwarai, tare da gudummawar wasu baƙin halittu da suka shigo tafkin, har aka hana kama shi na shekara uku daga 2024. Masunta sun nemi a sassauta tacewar, ba a amince ba, domin miliyoyin mutane daga tafkin suke sha. Ina ganin ƙin amincewar daidai ne, amma abin da nake so ku lura da shi shi ne an yanke hukuncin ana sane da abin da za a samu da abin da za a rasa, saboda akwai awon shekaru masu yawa a hannu. Hukumar da ba ta da irin wannan awo ba ta ma san cewa zaɓi take yi ba.

Akwai kuma ruwayen da naitirojin da fosforas suka wadata a cikinsu amma tsirran ba su yawaita, kamar tekun da ke kewaye da Antaktika, da gabashin Tekun Pasifik wajen tsakiyar duniya, da arewacin Pasifik ɗin. John Martin ne ya tsaya kai da fata a ƙarshen shekarun 1980 cewa sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci a can, domin ƙurar ƙasa mai ɗauke da shi ba ta isa wuraren sosai, saɓanin Tekun Atlantika da iska ke kai wa ƙurar Sahara. Ya rasu a 1993, kuma a shekarar aka yi gwajin farko kusa da tsibiran Galapagos. A gwaji na biyu a 1995 an zuba narkakken ƙarfe a wani yanki na teku, cikin 'yan kwanaki shuɗin ruwa ya koma kore. Daga nan wasu suka fara tunanin watsa ƙarfe a teku don tsirrai su zuƙe iskar da ke ɗumama duniya. Amma a gwajin da masanan Indiya da Jamus suka yi a 2009 a kudancin Atlantika, ƙarfen ya tada tsirran, sai dai ruwan ba shi da isasshen sinadarin silika, wanda wasu tsirran ke gina ɓawonsu da shi, ƙananan dabbobi kuma suka cinye mafi yawan abin da ya tsiro, kabon ɗin da ya nutse ƙasa bai taka kara ya karya ba. An cire shinge ɗaya, sai aka tarar da wasu biyu a bayansa. Tun a 2008 ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku suka amince kada a yi irin wannan aiki sai don binciken kimiyya na haƙiƙa, kuma ina fatan za ku riƙe wannan matsayi duk ranar da wani ya zo muku da alkawarin ninka kifi ta hanyar zuba wa ruwa wani sinadari.

Haske kuwa shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Tsirran suna iya haɗa abinci ne kawai a saman ruwa, zuwa zurfin da hasken rana ya rage kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa. A tsakiyar teku mai tsabta wannan zurfi yana iya haura mita 100, a kogi ko madatsa mai laka kuwa yana iya gaza mita ɗaya. A irin wannan ruwa mai laka za a auna a ga naitirojin da fosforas sun cika, amma tsirrai kaɗan, domin zaizayar ƙasa daga tudu da haƙar yashi da kifayen da ke tona ƙasan ruwa sun tare hasken. Duk takin da aka ƙara masa asara ce, kuma ranar da lakar ta kwanta ruwa ya washe, sinadaran da suka taru za su iya tada koren datti a lokaci guda. Harald Sverdrup ya ƙara wani bayani a 1953: idan iska na juya ruwa zuwa ƙasa mai nisa, tsirran suna shafe mafi yawan lokacinsu a cikin duhu, abin da suke ƙonawa wajen numfashi ya fi abin da suke haɗawa, don haka ba sa yawaita sai juyawar ta tsaya kusa da sama.

Amma rashin juyawar ma yana da tasa illar, kuma a nan ne ɗumamar yanayi ke shigowa. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya zauna a sama ya ƙi gauraya, haske yana sama, sinadarai suna ƙasa inda matattun halittu ke ruɓewa. Tafkin Tanganyika na gabashin Afirka, wanda zurfinsa ya haura mita 1,400 kuma ƙasashe huɗu ke ci daga kifinsa, ya dogara ne da iskar da ke tado ruwan ƙasa a wani lokaci na shekara. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya ƙiyasta cewa ɗumamar saman tafkin da raunin iska sun rage abin da tsirransa ke haɗawa da kusan kashi 20 cikin 100. A gaɓar Peru iska ce ke tado ruwa mai sanyi daga ƙasa, shi ya sa ƙaramin kifin ancobeta ya yi yawan da aka kama sama da tan miliyan 12 a 1970. Da ruwan ɗumi na El Nino, wato ɗumamar saman Tekun Pasifik da ke dawowa lokaci zuwa lokaci, ya rufe saman tekun a 1972, ya tarar da kifin da kamun wuce kima ya riga ya raunana, sai abin da aka kama ya faɗo ƙasa da tan miliyan 2 a 1973. Da hukumar kamun kifi na rage adadin da ta yarda a kama a duk lokacin da ma'aunin zafin ruwa da na tsirrai suka nuna tushen abinci ya yi rauni, da irin wannan faɗuwa ba ta kai haka muni ba.

Haka nan yawan tsirran ba shi ne ingancinsu ba. Nau'in da ake kira dayatom, wanda ke gina ɓawonsa da silika, abinci ne mai kyau ga ƙananan dabbobi. Nau'in sayanobakteriya kuwa, mai son ruwa mai ɗumi da kwanciya da yawan fosforas, yakan yi zare ko dunƙule da ke da wuyar ci, wasu kuma guba gare su. Madatsu suna riƙe silika a bayansu, kuma an danganta raguwar silikar da Kogin Danub na Turai ke kai wa Bahar Aswad, bayan gina madatsarsa a farkon shekarun 1970, da sauyin nau'in tsirran tekun. Ruwa na iya yin kore shar, kifinsa yana fama da yunwa.

Daga sama ma ana taƙaita su. Wata baƙuwar dabbar ruwa mai ɓawo biyu, wadda ke rayuwa ta hanyar tace ruwa, ta shiga Kogin Hadsan na Amurka a 1991, cikin shekara biyu tsirran suka ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 ba tare da sinadaran ruwan sun ragu ba. Shi kansa Tafkin Washintan ya ƙara washewa daga 1976, lokacin da wata ƙaramar dabba mai cin tsirran ta yawaita a cikinsa. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin duk lokacin da kuka zuba sabon nau'in kifi a madatsa, ko kuka bari aka kwashe manyan kifaye masu cin ƙanana, kun taɓa yawan dabbobin da ke cin tsirran, sauyin kuma zai gangara har tushe.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba, kuma farkonsa ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Faifan da Angelo Secchi ya fara aiki da shi a Bahar Rum a 1865 har yau yana aiki: farin faifai mai faɗin kusan santimita 30, da ɗan nauyi a ƙarƙashinsa, da igiya mai alamar awo. Ma'aikaci zai tsaya a gefen jirgi inda ke da inuwa, wajen tsakar rana, ya riƙa sassauta igiya har faifan ya ɓace wa idonsa, ya rubuta zurfin, ya ƙara saki kaɗan, sannan ya jawo a hankali har farin ya sake bayyana, ya rubuta, ya ɗauki tsakiyar awon biyu. Ninki biyu zuwa uku na wannan zurfi shi ne kusan iyakar inda haske ke wadatar tsirrai. Faifan ba ya bambanta laka da tsirrai, don haka sai an haɗa shi da awon sinadarin kulorofil mai sa su kore, da awon zafin ruwa da iskar oksijin daga sama zuwa ƙasa. Gwajin kwalabe ma mai sauƙi ne. A cika kwalabe huɗu masu haske da ruwan wuri ɗaya, a bar ta farko haka nan, a ɗiga wa ta biyu naitirojin, ta uku fosforas, ta huɗu duka biyun, a rataye su cikin ruwan a zurfi ɗaya na 'yan kwanaki, sannan a auna wadda ta fi yin kore. Sau da yawa ta huɗun ce ke zarcewa, alamar sinadaran biyu tare suke taƙaita tsirran, idan kuwa babu wadda ta motsa, sai a koma kan haske ko masu cin su.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗorewa, kuma a nan ne nake jin tsoro. Awon wata shida da aka yi da kuɗin wani shiri aka watsar bayan shirin ya ƙare ba ya bambanta shekara mai kyau da sauyi na dindindin. Na'urar da jiragen kasuwanci ke ja a baya tana tattara waɗannan halittu a tekun arewacin Turai tun 1931, kuma darajar wannan aiki tana cikin tsawonsa ne da kuma riƙe hanyar awo ɗaya. Taurarin ɗan Adam sun fara auna launin teku a 1978, suna kuma da amfani ƙwarai, amma saman ruwa kawai suke gani, gajimare na tare su, laka kusa da gaɓa na ruɗa su, saboda haka ba za su ɗauke muku nauyin aika mutum da jirgi ba.

Don haka ina roƙonku ku ware wa wannan awo gurbi na dindindin a kasafin kuɗinku, a riƙa yin sa a wurare ƙayyadaddu aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma wallafa sakamakon yadda masunta da masu tace ruwan sha da ɗalibai za su iya gani. Ina kuma roƙon kada a amince da gina madatsa, ko zuba sabon nau'in kifi, ko kafa kejin kiwon kifi a buɗaɗɗen ruwa, ko sakin ruwan ƙazanta, sai takardar neman izini ta faɗi a sarari abin da ke taƙaita tsirran wannan ruwan a kowane lokaci na shekara, da yadda aikin zai taɓa shi, har zuwa bakin tekun da kogin ke zuba ruwansa. Inda kogi ko tafki ya ratsa iyakar ƙasashe, a yi awon da hanya ɗaya a kowane ɓangare, a riƙa musayar sakamakon tsakanin hukumomin kafin kowace ta sa hannu kan izinin kamun kifi na shekara mai zuwa.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa. Allah Ya taimake ku wajen sauke wannan amana.

Naku cikin girmamawa,
Mai bibiyar al'amuran ruwa da kifi